Rariyar Na'ura da Idon Ɗan Gari: Tsokaci a kan Tace Sakamakon Bincike Kafin a Fitar da Shi

1.0 Gabatarwa



Duk malamin da ya taɓa duba kundin ɗalibi ya san tambayoyi biyu da muka saba yi: shin alƙaluman nan daidai ne, kuma daga ina aka samo su? To, akwai tambaya ta uku wadda ba kasafai mukan yi ba, watau idan wannan shafi ya faɗa hannun maƙwabcin mutumin da aka ɗauki bayaninsa, zai gane shi ko ba zai gane shi ba? A kan wannan tambaya ta uku takardar nan ta ginu.

Masana ƙididdiga a Turai sun ƙera wata manhajar kwamfuta wadda ke taimaka wa ma'aikaci wajen duba sakamakon bincike, don a tabbata bai tona asirin kowa ba kafin a yarda a fita da shi daga inda ake tsare bayanai. A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu bayyana yadda abin ke aiki, mu faɗi abin da ya cancanci yabo, sa'an nan mu auna shi da irin zaman da muke yi a nan Kawo da kewayenta. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, na'ura da ƙirga take aiki, alhali a garuruwanmu da sanayya ake gane mutum, saboda haka aikinta tankaɗen farko ne, hukunci kuwa sai wanda ya san gari.

2.0 Killataccen ɗakin bayanai

Wanda ya taɓa yin bincike a Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, ko a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna, ya san ƙa'idar wurin: a kawo maka fayil, ka karanta a zaune, ka mayar, ba ka fita da shi. Killataccen ɗakin bayanai shi ma haka yake, sai dai a cikin kwamfuta, kuma abin da ke ciki bayanan rayayyun mutane ne: rajistar asibiti, sakamakon jarrabawa, albashi, haraji da makamantansu. Mai bincike yakan shiga da izini, ya yi lissafinsa a ciki. Bambancin da ke akwai shi ne, a nan har abin da ya rubuta da hannunsa, jadawali ne ko zane, sai an duba shi a bakin ƙofa kafin ya tafi da shi.

Wani zai ce, ai in an goge sunaye magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A 1997 wata ɗaliba a Amurka mai suna Latanya Sweeney ta ɗauki bayanan asibiti na ma'aikatan jihar Massachusetts waɗanda aka goge wa sunaye, ta gwama su da rajistar masu zaɓe, ta zaƙulo bayanin lafiyar gwamnan jihar kansa, William Weld. Daga baya ta lissafa cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya kaɗai sun isa a ware kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya. Suna ke nan ɗaya ne kawai daga cikin hanyoyin gane mutum.

Domin haka ne a wajen 2003 Felix Ritchie, a ofishin ƙididdiga na ƙasar Birtaniya, ya shimfiɗa sharuɗɗa biyar na aminci: aikin ya zama na halal, mai binciken ya zama amintacce, wurin ya zama tsararre, bayanan su zama an rage musu abin da zai nuna mutum, sakamakon kuma ya zama ba ya tona kowa. Sharaɗi na biyar shi ne abin da ya dame mu a yau.

3.0 Ƙa'idojin tacewa da shigowar na'ura

Ƙa'idojin da masu duba sakamako ke bi ba su da wuyar fahimta. Ta farko ita ce ta ƙarancin adadi: kada wani gurbi a jadawali ya ƙunshi mutane ƙasa da wani adadi, galibi 10. Ta biyu ita ce ta rinjaye. A ƙaddara an tara cinikin dillalan hatsi 15 a kasuwa, amma biyu daga cikinsu su ke da kashi 90 cikin 100 na jimlar. Na biyu yana ganin jimlar zai cire nasa, ya san kusan abin da na farko ya samu. Saboda haka irin wannan gurbi ba ya fita ko da adadin mutanen ya cika. Ta uku kuwa ta shafi lissafin da ke neman dangantaka tsakanin abubuwa: dole yawan mutanen ya zarce yawan abubuwan da ake aunawa da tazara mai kyau.

Shekara da shekaru mutane ne ke wannan dubawa da ido, a wasu wurare ma mutum biyu a kan kowane sakamako. Aikin yana da cin rai, masu iya shi kaɗan ne, masu bincike kuwa sai su yi ta jira. A 2020 Eurostat, watau ofishin ƙididdiga na Tarayyar Turai, ya sa masana a Jami'ar Yammacin Ingila da ke Biristol suka gwada ƙera manhaja mai suna ACRO. A 2023 kuma, a ƙarƙashin jagorancin Jim Smith na wannan jami'a da tallafin shirin DARE UK, aka faɗaɗa aikin da sunan SACRO, aka sake shi kyauta ga kowa, yana aiki da Python da R da Stata.

Yadda abin yake shi ne, mai bincike yana haɗa jadawali, manhajar tana auna shi da ƙa'idojin nan, nan take ta gaya masa ko ya wuce, ko bai wuce ba, ko yana bukatar mutum ya duba. Tana iya rufe gurbin da ya saɓa ƙa'ida. In mai binciken yana ganin yana da hujja, sai ya rubuta ta, ya nemi a ɗaga masa ƙafa. A ƙarshe rahoto ya je gaban ma'aikaci, shi ne zai ce a fita ko kada a fita. Su kansu maƙeran ba su ce na'urar za ta maye gurbin mutum ba. Rabin aikin suka ba ta, wannan kuwa adalci ne mu faɗa tun kafin mu shiga suka.

4.0 Abin yabo

Wannan tsari bai riga ya zama ruwan dare a cibiyoyinmu ba. Abin da muka fi sabawa da shi shi ne ɗalibi ya je da takardar gabatarwa daga makaranta, a buɗe masa rajista, ya kwafa ko ya ɗauki hoto da waya ya tafi. Dokoki kuwa suna nan. Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta hana wallafa bayani ta fuskar da za a gane mai shi, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta tsare sirrin majiyyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa cikin bayanai masu bukatar tsaro na musamman. Abin da ya rage shi ne hanyar aiwatarwa, ga shi kuma bayanai sai ƙaruwa suke yi, don Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna kaɗai tana binciken gidaje da ƙidayar makarantu.

A ganinmu manhajar tana da amfani uku. Na farko, ba ta gajiya, jadawali na ɗari yana samun irin kulawar da na farko ya samu. Na biyu, tana koyar da mai bincike tun yana cikin aiki, ya gyara kafin ya kai ƙofa. Na uku kuwa shi ya fi dacewa da mu: na'ura ba ta jin nauyi. Kowa a zauren nan ya san wuyar da ƙaramin ma'aikaci zai sha kafin ya dubi shehun malami, ko wanda ya zo da kati daga sama, ya ce masa wannan jadawali ba zai fita ba. In akwai rubutaccen rahoto da ya nuna an saɓa ƙa'ida, ya sami abin jingina, alfarma kuma ta bar shaida a rubuce.

5.0 Inda rariyar ke da manyan ƙofofi

5.1 Goma a wane gari?

Adadin nan na 10 yarjejeniya ce kawai. A cikin Ingila ma dandalin OpenSAFELY, wanda aka kafa a 2020 don binciken annobar korona, yana rufe abin da bai wuce 7 ba, sauran kuma ya mayar da su zuwa ninkin 5 mafi kusa. Kowane adadi aka zaɓa, ana ɗauka ne cewa mutanen da ke gurbin baƙin juna ne, warwatse cikin jama'a. To, a Kawo mutum 10 na iya zama gida ɗaya: maigida, matansa, 'ya'yansu, da ƙanensa da ke ɗakin zaure. Idan jadawali ya nuna masu tarin fuka 11 a layi kaza, na'ura za ta ce ya wuce. Mai unguwa da ungozoma da mai shayin bakin layi kuwa sun san gidan da aka daɗe ana jin tari. Jadawalin ya tabbatar musu da abin da dā suke zato, ya kuma ba cutar suna.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Kowa ya san cewa bayan rikicin 2000 da na 2002 zaman garin Kaduna ya sake fasali, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, Kirista a kudancinsa. Amma a kowane ɓangare akwai waɗanda suka tsaya a inda suke, suna zaune lafiya da maƙwabtansu. Jadawalin da ya rarraba gidaje bisa addini ko ƙabila, layi-layi, a Kawo ko Hayin Banki ko Unguwar Dosa, ko kuma a takwarorinsu na kudancin kogi, yana iya nuna gida 12 a nan, 15 a can. Duk sun cika ƙa'idar 10. A ranar lafiya ilmi ne. A ranar da Allah ya kiyaye kuwa, taswira ce a hannun mai mugun nufi. Na'ura ba ta san tarihin garin nan ba, ba ta san wane shafi ne ke da wuta a ƙarƙashinsa ba.

Masu Binciken Al'umma da Lafiya na Ƙasa, wanda aka yi a Nijeriya a 2018 da wasu shekaru, sun lura da haɗarin wuri, shi ya sa sukan gusar da alamar taswirar kowane rukunin gidaje da gangan: har kilomita 2 a birni, har 5 a karkara, kaɗan daga na karkarar har 10. Dabara ce mai kyau, amma ita ma darajarta ta danganta da wuri. Kilomita 2 a Kawo za ta jefa ka cikin dubban gidaje, kilomita 5 a daji kuwa wataƙila ƙauye ɗaya ne tak a cikinta.

5.2 Jadawali biyu, asiri ɗaya

A ƙaddara mai bincike ya fitar da jadawali mai cewa a makarantun wata unguwa akwai malaman lissafi 45, daga cikinsu 12 ba su da takardar shaidar malanta. Bayan mako biyu ya fitar da wani a kan malamai maza kaɗai: su 44 ne, 11 ba su da takardar. Kowane jadawali ya wuce lami lafiya. Amma wanda ya ajiye su gefe da gefe ya cire wannan daga wancan, ya san cewa malama ɗaya ce tilo, kuma ba ta da takarda. Manhajar tana auna kowane sakamako shi kaɗai ne, gano irin wannan haɗi yana wuyan ma'aikaci, kuma in mutum biyu dabam suka fitar da jadawalan a shekaru dabam, sai wanda ke da kundin abin da ya riga ya fita. Mu malamai a jihar nan ba ma bukatar a gaya mana nauyin bayani a kan malami. A 2017 gwajin da aka yi wa malaman firamare ya kai ga sallamar 21,780. Abin da ke rataye da gurbi ɗaya a jadawali yana iya zama abincin gida guda.

5.3 Tambarin jama'a

Ƙa'idojin da muka ambata an gina su ne musamman don kare mutum ɗaya. Bahaushe kuwa idan ya ce rufin asiri, ba kansa kaɗai yake nufi ba, yana nufin gidansa da zuriyarsa, har da unguwarsa. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3, ya kuma rarraba su bisa shiyya da jiha. A wannan mataki ba wanda aka nuna da yatsa. To, a ce wani ya sauko da irin wannan lissafi ya ce cikin samari 100 na layi kaza, ko na sana'a kaza a tasha, 70 suna sha. Ba gurbin da ya gaza 10, ba sunan kowa. Amma ranar da ɗaya daga cikin 30 da ba ruwansu ya je neman aure, aka aika bincike, ko ya je neman aiki, tambarin ya riga shi isa. Ba muna cewa a ɓoye gaskiya ba ne, domin cutar da aka ɓoye ba ta samun magani. Muna cewa ne zaɓen matakin da za a bayyana ta, jiha ko ƙaramar hukuma ko unguwa, hukunci ne na hankali, lissafi ba ya yanke shi.

5.4 Abin da ba alƙalami ba

A nan maganar ta iso gidanmu. Mafi yawan binciken da ake yi a fannin harshe da adabi da al'ada hira ce, ba jadawali ba. Mun kuma gaji wata al'ada mai daraja, wadda ta yi kama da isnadin malamanmu na zaure: a ƙarshen kundi a jera waɗanda aka yi hira da su, suna da shekaru da sana'a da unguwa da ranar hira. Wannan jeri shi ne shaidar cewa ɗalibi ya taka ƙasa. Idan maganar tarihin sarauta ce ko sana'ar rini, ambaton sunan dattijo girmamawa ce, hana shi ma zalunci ne. Amma mun sha ganin irin wannan jeri a bayan kundayen da suka yi magana a kan bori, ko zaman kai, ko mutuwar aure, ko cututtukan da ake jin kunyarsu.

Mun taɓa duba aikin wata ɗaliba a kan dalilan da ke sa 'yan mata barin makaranta. Ta yi ƙoƙari, ta cire sunaye duka. Sai dai a babi na huɗu ta kawo maganar wata yarinya, ta gabatar da ita da cewa 'yar limamin masallacin da ke daura da makarantar ce, 'yar aji biyar, kuma juna biyu ne ya fitar da ita. Da muka tambaye ta liman nawa masallacin ke da shi, sai ta yi shiru. Ba mugunta ta yi ba, an koya mata cewa suna shi ne sirri, ba a koya mata cewa laƙabi da sarauta da kwatance sun fi suna kaifi a wurinmu ba. A dā irin wannan kundi yakan kwanta a kan kanta ya sha ƙura. Yanzu jami'o'i suna ɗora kundaye a intanet, ɗan unguwar zai iya karanta shi a wayarsa. Manhajar da muke magana a kanta ba ta da abin cewa a nan, domin an gina ta ne don alƙaluma. Ba ta san cewa sarkin pawa ɗaya ne a kasuwa ba, ba ta jin habaici, ba ta gane kirarin da kowa a unguwa ya san mai shi.

5.5 Haɗarin sakankancewa

Abu na ƙarshe ya shafi halin ɗan Adam. Ma'aikacin da ya ga na'ura ta ce sakamako 50 a jere sun wuce, da wuya ya tsaya ya yi wa na 51 kallon tsanaki. Mun kuma san yadda hukumomi ke lissafi: in an sayo kwamfuta, sai a ga kamar an huta da horar da mutum. Idan haka ta faru, rabin aikin da aka bar wa mutum ya zama sa hannu kawai, an koma gidan jiya, har ma da ƙarin hatimin da ke cewa an duba.

6.0 Shawarwari

Na farko, hukumomin da ke riƙe da bayanan jama'a su karɓi wannan manhaja, tunda kyauta ce, amma su zauna su tsara nasu ma'auni. A wajen cututtuka masu yaɗuwa da al'amuran iyali a riƙa ƙirga gidaje tare da mutane.

Na biyu, a ware wasu bayanai, musamman addini da ƙabila idan an haɗa su da ƙaramin wuri, a ce dole mutum biyu su duba su ko da na'ura ta ce sun wuce, ɗayansu kuma ya zama ya san yankin.

Na uku, kowace cibiya ta ajiye kundin duk abin da ta taɓa fitarwa, don a riƙa gwama sabo da tsoho.

Na huɗu, kwalejojin ilmi da jami'o'i su sa wannan batu cikin darasin dabarun bincike. Mu sake duba al'adar jera sunayen waɗanda aka yi hira da su: a tambayi mai magana ko yana so a ambace shi, inda kuma batun ke da nauyi a miƙa cikakken jerin ga mai duba aikin kaɗai, a sa lamba a cikin kundi.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa tace sakamako da taimakon na'ura ci gaba ne na gaske, musamman a inda ma'aikata suka yi kaɗan, jin nauyi kuma ya yi yawa. Mun kuma ga cewa ma'aunanta sun fito ne daga irin zaman da ya bambanta da namu, kuma akwai fannoni huɗu da ke wuce ta: gida mai yawan jama'a, haɗa jadawali da jadawali, tambarin unguwa, da maganar baka. Matar da ta faɗa wa ma'aikacin asibiti ciwonta, ko dattijon da ya shimfiɗa wa ɗalibinmu tabarma ya buɗe masa cikinsa, amana suka ba da. In suka ga ta dawo musu a bakin maƙwabta, ba za su sake faɗin gaskiya ba, kuma duk lissafin da za a gina a kan amsoshinsu na gaba ya rushe tun daga tushe. Magana zarar bunu ce, shi ya sa muke roƙon a tsaya a duba ta tun tana bakin ƙofa.

Muna fata malamanmu da ke fannin ƙididdiga da na shari'a za su gyara mana inda muka yi tuntuɓe, su kuma ɗora daga inda muka tsaya.